Hanyar Maraɗi Ta Bi ta Rikkos

Ina aji uku a jami'a, ina karanta Turanci, na rantse dogon hutun shekarar ba zan yi shi a gindin buhunan dankalin Mama ba. Hutu biyu na yi a rumfarta ina ware ruɓaɓɓe da mai kyau, ai ya isa haka. Wata 'yar ajinmu ce ta ba ni labarin wata makarantar kuɗi a Maraɗi, can Nijar, da ke ɗaukar ɗalibai daga Nijeriya su koya wa yara Turanci na mako shida. Ni da ko Kaduna ban taɓa kwana ba! Nan take na karɓi lambar mai makarantar.

Na tsara saƙo da Turancin da ni kaina sai da ya burge ni, na haɗa da hotunan takarduna na tura. Ya buɗe, ya yi shiru. Na sake turawa, shiru. A na uku har da bidiyo na yi, ina koyar da kujerun falonmu. Mutumin nan ko "na gani" bai ce ba, ga hutu saura mako uku.

"Wulaƙanci ne kawai," na ce wa Mama.

Ba ta ɗago daga kwandon da take cikawa ba. "Wa ya san ki a can?"

"Mama, takarduna fa sun isa."

"Takarda ce za ta kai ki asibiti in zazzaɓi ya kayar da ke? Ke 'ya mace, ki faɗo wa mutum daga sama, ba wanda ya ce ga 'yar wane. In wani abu ya same ki, wa zai nema?"

Haushi ya cika ni, don na san gaskiya ta faɗa. Sai ta ce akwai wani Alhaji a unguwar Rikkos, nan cikin Jos, da ya daɗe yana sayen dankali a wurinta yana kaiwa Maraɗi. Ta cika min ƙaramin kwando, ta ce in je in gaishe shi, kuma kar in kuskura in fara da zancen aiki.

Na je, na durƙusa. Aka gaisa a kan gida, kasuwa, ruwan bana, har ciwon ƙafar Mama. Magana na cin raina, ina haɗiyewa. Sai da na miƙe ya ce, "'Yata, ba dai gaisuwa kaɗai ta kawo ki ba." Na zazzage masa komai. Ya yi dariya, ya ce mai makarantar ai maƙwabcin ƙanwarsa ne.

"Zan yi masa magana, kuma a gidan ƙanwata za ki sauka. Amma ba na karɓar amanar 'ya daga bakin 'ya. Babanki ya zo ya ba ni ke da kansa."

Na yi masa sallama na fito. Daga gidanmu a Jos Jarawa ba wani nisa ba ne, amma a layin Alhajin nan shagon ɗinkin Baba yake kafin a ƙone shi lokacin rikici. Tun daga ranar bai sake taka wurin ba, kuma ba a zancen a gidanmu.

Na sami Baba da safe yana shan shayi, na faɗa masa.

"Ya bugo waya mana."

"Ya ce da ƙafa, Baba."

"To a bar Maraɗin. Yara sun ƙare a Jos ne?"

Taurin kan nan a wurinsa na gada. Ban yi kuka ba, ban yi tsiwa ba. Kullum da safe sai in goge babbar rigarsa ta zuwa coci, in rataye a ƙofar ɗakinsa, in ce, "Baba, na shirya." Ya raɓa ta ya wuce. Kwana biyar muna haka, Mama na cewa zan haukata mata miji. Ran na shida ya fito sanye da rigar, bai ko kalle ni ba.

"Wuce mu je, mai kunnen ƙashi."

Da muka shiga layin, tafiyarsa ta ragu. Ya tsaya gaban wani shagon cajin waya ya daɗe yana kallo, na gane nan ne. Kunya da tausayi suka rufe ni. Na ce, "Baba, mu koma, na haƙura."

"Bayan kin kusa ƙona min riga da guga? Mu je."

Alhaji ya fito da kansa ya tarbe shi hannu biyu, suka daɗe suna gaisawa. Can Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Alhaji, ga 'yata. Ita kaɗai gare ni mace. Na ba ka amana."

"Na karɓa, Allah ne shaida."

Nan take ya kira Maraɗi a gabanmu. Mutumin da ya yi min shiru sau uku ya ce in taho ranar da aka ba mu hutu, aji na jirana. Na miƙe ina murna, ina jiran Baba ya tashi. Bai tashi ba, ya gyara zama a kan tabarmar.

"Je ki fara haɗa kaya," in ji shi. "Ni zan ɗan zauna."