Inusa da Tumakin Aro

Ke Fadila, a shekarar da mutane ke auna hatsi da gwangwanin tumatir, kin taɓa jin wanda zai ce ki ba shi dabbarki ya ciyar miki da ita kyauta? To ni na gani. Inusa sunanshi, ɗan Jiratawa, shi ya kama hayar ɗakin nan na jikin zaurenmu, nan unguwar Zariya, lokacin kina wajen uwarki a Tibiri.

Sana'arshi askin ciyawa. Bar dariya. Manyan gidajen nan masu dogon bango, da ofisoshin furoje na ƙungiyoyin agaji, haki suke shukawa tsakar gida don kallo kawai, gazo suke ce mishi. Inusa ke ba shi ruwa, ya zuba taki, in ya yi tsawo ya turo injinshi mai ƙugi kamar babur ya aske shi. Da wannan ya ci abinci shekara da shekaru. Sai aka rufe iyaka, mai ya yi tsada, masu furoje suka kwashe komatsansu, alhazai kowa ya damƙe aljihu. Abokan sana'arshi suka watse, wani kabu-kabu, wani gona.

Shi ko ya lulluɓe injin da buhu. Wata safiya ina tankaɗe sai ga shi ya durƙusa.

"Inna Tasalla, aron tunkiyarki nike so."

Na ce, "Aro? Tukunya ce?"

Ya ce injin da bai shan mai yake nema. Zai tahi da ita gidajen da suka rage mishi ta ci ciyawar, da la'asar ya maido ta a ƙoshe. Na ce nawa zan biya? Ya ce ko dala. Nan gabana ya faɗi. Tunkiyar nan ita kaɗai gare ni, ita nike kallo in na tuna ciwo ko wata lalura. Amma dusa ta gagare ni saye, haƙarƙarinta duk a waje. Na shafa mata lalle a goshi don kar a musanya mini, na miƙa igiya.

Ya bi matan unguwa ya tara kamar shida. In ya shiga gida sai ya kewaye furanni da tsohon gidan sauro, ya kafa turke, ya ɗaure su da gajerar igiya. Sun cinye nan, ya tuge turken ya matsa gaba. Gefe-gefe ya bi da almakashi, kashinsu ya share ya barbaɗa. Rabin kuɗɗin da ya saba yake karɓa ga masu gida, su ko suna murna. Kafin ki ce me, har Sabon Gari ana aiko mishi. Takalmi sabo, rediyo, ƙamshin nama na hitowa daga ɗakin gwauro. Mata suna ta sa mishi albarka. Ni ko kullum ya maido ta sai na duba lallen, na buɗe bakinta, na latsa cikin.

"Ƙirga ƙafafun, Inna," in ji shi, "huɗu na kai, huɗu na kawo."

Rannan tumaki suka dawo babu tawa. Kuma gobe kasuwa.

"Ina take?"

"Tana gidan Alhaji Maman Lawali. Igiya ta kwance, ban ankara ba. Na koma na ishe ƙofa a kulle, mutan gidan sun yi tahiya, mai gadi ya tahi jana'iza Tibiri da makulli."

Na ce, "Inusa, kalle ni. Mahaucin da ka saida mawa, shi ne mai jana'izar?"

Ya rantse har da dafa ƙirji. Na shiga ɗakinshi na jawo injin nan, nauyi kamar gawa, na tura shi ƙarƙashin gadona. Na ce ranar da na ga tunkiyata ya ga ƙarfenshi.

Da safe na yafa zane na tahi gidan da kaina. Bango ya hi ni tsawo sau biyu, da kwalabe a kai. Na tsaya na yi mata kiran da nike yi in zan ba ta ƙasari. Shiru. Na ƙara. Can sai na ji ta amsa, muryarta ce, shaƙaƙƙiya. Sai kuma wata murya ta biyo, mai kauri, irin ta ƙaton rago. Na ce to fa.

Haka na riƙa zuwa ina jefa mata kowar wake ta saman bango har mai gadi ya dawo. Da aka buɗe, ta cinye furannin Hajiya tas, gazo kuwa har saiwa. Alhaji ya sallami Inusa a tsaye. Na maida mishi injinshi, na zuba ido in ga ɓacin rai. Wallahi ban gani ba. Mutum ya rasa gidan da ya hi biyanshi, yana tafe yana hito da baki?

Da watanni suka cika ta haihu, tagwaye, kunnuwa har ƙasa, ƙafafu zaƙo-zaƙo. Jinin balamin Alhaji, ragon da ko da kuɗɗi bai yarda a kai mishi tunkiya. Sai ta Balkisu maƙwabciyata ma ta zubo irinsu. Ashe ita ma tata ta taɓa kwana can, wai ruwan sama ya tare su. Ta Na'omi matar malamin lakwal, wato makarantar boko, ita kuma wai ƙafa ta gurɗe. Kowace ya je mata barka ya ce a tuna da mai kiwo, kowace ta ba shi ɗa guda tana godiya. Ni na ja mishi rai sosai, sannan na ba shi ƙaramin.

Yanzu garkenshi gare shi, bai aron ta kowa. Ya koma Jiratawa, yana shuka gazo bakin ruwa, ya yanko shi da ƙasarshi kamar tabarma ya kawo gari a amalanke. Ranar da yake ɗaure kaya na tare shi bakin zaure.

Na ce, "Tsakaninka da Allah, igiyar nan ita ta kwance, ko kai ka kwance ta?"

Ya ɗora injin bisa amalanke, ya ƙulle shi tam, sannan ya juyo.

"Inna, ni ciyawa na kai ta ci. Sauran kuma sai ki tambaye ta."