Kawu Zahari da Maƙerin Ƙararrawa

Kawu Zahari yayan mahaifiyata ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kiwon tumakin ƙungiyar manoma a kan duwatsun Rodopi na ƙasarmu, tun yana saurayi har furfura ta fara leƙo masa. Da ƙungiyar ta watse aka sayar da garken, sai ya koma mai hura tukunyar ɗumama makarantar ƙauyenmu, yana zuba mata itace yana yi mata faɗa kamar tunkiya mai taurin kai. Bai yi nisa a karatu ba, amma Allah ya ba shi kunne. Yana kwance a bukka, ido rufe, zai gaya maka tunkiyar da ke ɗingishi daga yadda ƙararrawar wuyanta take kaɗawa. Ko a gida, idan matarsa Inna Nevena ta buga cokali a tukunya sai ya ce, "Waccan ta kusa tsagewa." Ita kuma ta ce, "Kai ne ka kusa tsagewa, tsohon kawai." Kafin sati ya zagayo tukunyar ta tsage.

Har ya kai shekara sittin da tara bai taɓa wuce birnin Plovdiv ba, can ɗin ma ciwon haƙori ne ya kai shi. Sai ga autarsu Tsvetana, wadda ta auri wani mutumin tsibirin Sardiniya na Italiya mai suna Bachisio, ta haifi ɗa namiji, aka kira su bikin baftisma. Ni aka ɗauka tafinta, saboda na yi shekara takwas a Italiya ina jinyar tsofaffi.

Tun a filin jirgi abin ya fara. Ma'aikacin bincike ya buɗe jakar Kawu ya yi tsalle da baya, wai ya ga mushen akuya. Gaida ce, algaitarmu ta salkar fata. Kawu bai tsaya bayani ba, ya rungume ta ya hura, ta saki ruri, duk layin ya juyo. A cikin jirgi kuwa hancinsa manne da taga.

"Nevena! Nevena, duba! Ga gajimare a ƙarƙashinmu!"

"Na gani. Zauna, kana ba mu kunya."

"Ke ba ki da lissafi! Shekara nawa yana jiƙa ni, yau ga ni a kansa!"

Da muka sauka, Bachisio ya ɗauko mu a mota muka fara hawan dutse. Mun yi kamar awa biyu, Inna tana gyangyaɗi, sai Kawu ya buga kujerar direba da tafin hannu ya yi ihu, "Tsaya!" Bachisio ya taka birki, ya ɗauka mun take wani abu. Kafin mu ankara tsohon ya fice, ya haure katangar duwatsu, ya tsaya a tsakiyar garken tumakin mutane, hannu a bayan kunne. Da ya dawo idonsa sai ƙyalli yake yi.

"Miglena, kin ji? Wannan ba tagulla ba ce irin tamu. Baƙin ƙarfe ne, muryarsa a shaƙe, amma waƙa yake yi! Tambayi surukina wa ke ƙera su."

Bachisio ya yi dariya ya ce ai a ƙauyensu ake yi, maƙerin ma, Bobore, bayan gidan mahaifiyarsa yake.

Jikan da muka zo dominsa Kawu ya ɗauke shi, ya sumbace shi, ya yaba kunnuwansa, ya miƙa wa uwarsa. Washegari ko kofi bai ƙarasa ba ya ja ni zuwa maƙera.

Bobore gajere ne, kakkaura, ya ba saba'in baya, da 'yar hula a karkace. Muka tarar yana yanka faifan ƙarfe da ƙaton almakashi, ya lanƙwasa shi a kan uwar maƙera, ya yi ta bugu har ya zama kamar aljihu. Daga nan ake sa shi a wuta tare da gutsattsarin tagulla, ta narke ta lulluɓe shi. Daga rufi kuwa ƙararrawa ce reras a igiya, manya da ƙanana, sun fi ɗari. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗan buga kowace da farce, yana murmushi kamar mai gaisawa da dangi. Can sai ya tsaya a kan wata, ya sake buga ta, ya yamutsa fuska.

"Gaya masa wannan maƙaryaciya ce."

"Kawu, haba! Yanzu fa muka shigo."

"Gaya masa mana. Da baki ɗaya take fara magana, ta ƙare da wani."

Na juya na ce wa Bobore kawuna ya ce wannan ta ɗan bambanta da sauran. Amma ya riga ya karanta fuskar Kawu. Ya ajiye masaba ya riƙe ƙugu.

"Tambayar mini wannan dogon, wa ya aiko shi? Kakana ya ƙera, ubana ya ƙera, yau wani mai ƙafa kamar zalɓe zai zo daga bayan teku ya koya mini?"

Na fassara wa Kawu duka, har da zalɓen. Ya kwashe da dariya. "Ce masa gajeren nan ya ɗaure mini ido, mu gani."

Bobore ya cire walkinsa na aiki ya ɗaure masa fuska tamau. Ya zubo ƙararrawa ashirin a kan tebur ya cakuɗa su. Kafin a fara, maƙwabta sun cika ƙofa, har da mai kantin burodi da gari a hannu. Kawu ya ɗauki kowace ya kaɗa sau ɗaya, ya ajiye nan ko can, har ya jera su daga mai ƙatuwar murya zuwa mai siririya. Maƙaryaciyar kuwa, da ta faɗo hannunsa, sai ya ɗaga ta sama ya yi mata tsaki, ya tura ta gefe. Wurin ya kaure da tafi da sowa.

Bobore ya ƙare wa jerin kallo. Sai ya matso kusa da ni, ya taɓa kunnensa na hagu, ya ce a hankali, "Wannan ya mutu shekara biyu ke nan. Ko 'yata ban gaya wa ba." Na isar wa Kawu. Ya ɗauki masabar ya miƙa wa mai ita, ya ɗora maƙaryaciyar a uwar maƙera, ya nuna masa gefen da zai buga. Bobore ya buga, Kawu ya kaɗa ya girgiza kai. Ya sake bugu. A na huɗu Kawu ya yi wani irin ihu, ya ɗaga gajeren tsohon sama cak kamar buhun wake, shi kuwa yana shure-shure yana zaginsa da yarensu yana dariya. Daga wannan rana suka sallame ni daga aikin tafinta. Kalma uku suka ishe su: "ƙara", "ya isa", da wani zagi da kowa ya koya wa ɗan'uwansa.

Da rana Bobore ya hana mu tafiya. Aka jera tebura a inuwar inabi, aka kawo cukun tumaki, da jan ruwan inabi, da burodinsu mai sirantaka kamar takarda. Inna Nevena ta ɗaga shi tana hango rana ta cikinsa ta ce, "Allah sarki, garin ne ya ƙare musu?" Amma sai da ta cinye faifai shida. Ita ma ta samu nata abin: mahaifiyar Bachisio masaƙiya ce, ta shimfiɗa mata wata darduma, Inna ta juya bayanta tana binciken ƙulli kamar mai neman laifi, ba ta samu ba, ta kama hannun matar ta sumbata.

Ana cikin ci sai maza huɗu suka miƙe, ciki har da mai burodi, suka haɗa kai wuri ɗaya, kowa hannu a kunne. Ɗaya ya ja baiti, sauran ukun suka amsa da wata murya daga can ƙasan maƙogwaro, har tebur yana rawa. Cokali ya faɗi daga hannun Kawu.

"Miglena, ji bijimi! Wancan na tsakiya kuma tunkiya ce sak! Wayyo, mutanen nan garke suka haɗiye!"

Ya ruga gida da gudu, mutumin da kullum yake kukan baya, ya dawo da gaida. Da ya saki dogon amonta na ƙasa, mawaƙan suka kalli juna, sai mai muryar bijimi ya lallaɓa ya hau kan amon ya zauna daram. Sauran suka bi. Mata suka sarƙe hannu suka yi da'ira suna ɗan tsalle da ƙananan taku, kusan irin rawarmu ta gida. Inna Nevena, wadda likita ya hana hawan matakala, ta jefar da sandarta ta shige tsakiya. Tsvetana tana kuka tana dariya, jariri a kafaɗa.

Ranar baftisma, ƙarfe goma saura kwata, kowa ya shirya, babu Kawu. Inna ta ce, "Ku ƙyale shi, na san inda yake, kuma yau sai na kashe shi." Muna bakin coci sai ga motar Bobore mai ƙafa uku ta gangaro tana ƙara, Kawu tsaye a baya yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Kwat ɗin da aka ɗinka masa musamman ta samu ƙuna biyu a hannu, gawayi har goshi. A tafinsa akwai wata 'yar ƙararrawa da ba ta fi goro ba, ta farko da ya ƙera da kansa, a ɗan karkace. Inna ta lashi gefen mayafinta ta goge masa fuska da ƙarfi tana cewa, "Ka ga kanka? Kakan jariri ko mai sayar da gawayi?" Da limamin cocin ya zuba wa yaron ruwa, yaron ya canyara kuka, Kawu ya sunkuyo ya raɗa mini, "Muryar nan ba ta da ƙarya ko kaɗan. Jininmu ne."

Sati guda muka zo yi. Ni da Inna muka koma ranar da aka tsara, shi kuwa ya ce zai biyo mu Lahadi, bai dai faɗi wace Lahadin ba. Sai bayan wata biyu da rabi ya sauka a ƙauye da hular Bobore a kansa da ƙararrawa goma sha huɗu a jaka. Da aka tuna masa ba shi da dabbar da zai rataya wa, ya je ya sayo awaki huɗu, ya riƙa sauya musu ƙararrawa kowace safiya kamar masu sauya kaya. Tun daga nan duk bazara sai ya koma, yanzu ma shi kaɗai yake shiga jirgi, yana koya wa fasinjoji yadda ake ɗaura bel.

Bana Bobore ne zai zo mana, karon farko da zai bar tsibirinsu. Kawu ya shafa wa ɗakin baƙi farar ƙasa sau biyu, ya rage ƙafafun gadon da zarto don kada baƙon ya sha wahalar hawa. Ya kuma tara tsofaffin ƙauye a dandali yana koya musu gaisuwar Sardiniya don ranar tarba. Jiya na bi ta wurin na ji suna maimaitawa da ƙarfi, su goma sha biyu, har da matar mai gari.

Na ja shi gefe na ce, "Kawu, wannan fa ba gaisuwa ba ce. Zagin nan ne."

Ya ce, "Na sani. Yi shiru. Da ya ji zai san ya iso gida."