Layina a Hannun Baƙo

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanwata, ranar Talatar makon jiya. Maigida ya rako mu da tocila har bakin gonar dawa, ya yi mana Allah ya kiyaye, ya juya. 'Yan'uwana matan ajin yaƙi da jahilci, kun ce in na dawo in ba ku labari dalla-dalla. To ga shi na rubuta a littafina, ƙanwata za ta ɗora muku a waya. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, da furfura hannun ya koyi riƙe alƙalami.

Layin wayata ne ya kai ni birni. Tun kafin daminar bara aka rufe shi, wai ba a haɗa shi da lambar katin ɗan ƙasa ba. Da don kira ne kawai, da tuni na sayi wani. Amma babban yarona, wanda ya tafi neman na kansa ta hanyar Agadas shekara uku ke nan, wannan lambar kaɗai ya haddace. Shi ya sayo min ita a kasuwar Tofa. A can ba shi da waya tsayayya, ta aro yake kira, yau wannan lamba gobe waccan. Wayar babansa kuwa an zare ta a kasuwa, layin ya tafi da ita. Duk ranar da ya samu hali, nan zai kira, ba shi da wata ƙofar.

Za ku ce me ya zaunar da ni fiye da shekara. Da farko an ce za a buɗe, mu jira. Daga baya mai rajista a Tofa ya gwada ya ce ta fi ƙarfinsa, sai babban ofis. Sai maigida ya kwanta ciwo, sai damina ta sake shigowa. Haka kwanaki suke yi wa mutum.

Daga ƙauyenmu zuwa titi tafiyar ƙafa ce, ta tsakiyar gonaki. Gero an yanke an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, gyaɗa kuma an tuge an kifa tana shan iska. A wajenmu babu inda ƙasa take zaune a banza, gonar wannan tana dafe da ta wancan, in ka bar gida ɗaya kana hango rumbun na gaba. A tashar Tofa muka sha koko. Ƙosan ya ƙanƙance har ƙanwata ta tambayi mai tuyar ko ɗaya-ɗaya take soya waken. Matar ta yi dariya ta ce ta je ta tambayo kuɗin mai. Kuɗin mota ma ya ninka na zuwana na ƙarshe, kuma har yanzu mutum huɗu ake dannawa a baya.

Muna barin gari direba ya tambayi abin da zai kai mu birni, ƙanwata ta faɗa masa, sai motar ta ɗauki magana. Wani dattijo daga wajen Shanono, wanda ya kwana a Tofa wurin 'yarsa, ya ce shi yana goyon bayan rufe layukan. 'Yan bindiga sun taɓa ɗauke ƙaninsa, kwana da kwanaki ana kiransu da layin da ba a san mai shi ba. Ya ce duk layin da ba shi da fuska a rufe shi. Direba ya ce ai na talakawa aka rufe, su kuwa 'yan bindigar har yau kira suke yi. Wata ɗaliba da ke zaune kusa da ni ta ce ita damuwarta daban ce: hotunanmu da yatsunmu da ake ta ɗauka, wa yake tsaron su? Ta ce an taɓa kiran ƙawarta, mai kiran ya faɗi cikakken sunanta da ranar haihuwarta, saura kaɗan ta ba shi lambar sirrinta ta banki.

Daga nan dattijon ya koma kan samarin da suke yini a shagon caji suna wasan harbe-harbe a waya, suna hira da mutanen da ba su taɓa gani ba. Ya ce da shi ne hukuma da ya hana. Ɗalibar ta ce yayanta a wannan wasan ya koyi Turancin da makaranta ta kasa koya masa. Direba ya ce to Turancin ya iya noma? Aka yi dariya.  Duk wanda ya yi magana sai in ji kamar shi ne da gaskiya. Kuma na tuna yadda nake aikawa a kirawo min nawa yaron daga gidan gem, inda yake buga ƙwallo a talabijin, ina faɗan ya bar tumaki da yunwa. Yau da zan san yana can, da na bar tumakin.

Mun wuce Janguza rana ta ɗaga. Daga jami'a zuwa Rijiyar Zaki duk inda na sani gona yanzu bene ne ko gidan mai. A Kabuga muka sauka muka hau ɗan sahu, wanda ya riƙa kutsawa tsakanin manyan motoci har na karanta duk addu'ar da na iya, na sake daga farko.

Ofishin kamfanin layin sanyi ne da shi kamar cikin randa. A bakin ƙofa aka ba mu 'yar takarda mai lamba, na karanta tawa da kaina, sittin da uku. Masu jira iri-iri ne: wani Bafulatani da sandarsa da aka sa ya ajiye a waje, wata amarya da mijinta, wani alhaji da ya ce layinsa na kasuwa ne, shekara ashirin yana hannunsa. Sai wajen sha ɗaya da rabi aka kira ni.

Yarinyar da na samu mai gilashi ce, mai haƙuri. Ta karɓi katina, ta buga lambar, ta daɗe tana kallon kwamfuta. Sannan ta ce min layin nan bai taɓa zama da sunana ba. Masu sayarwa a kasuwa sukan yi wa layuka da yawa rajista da sunan mutum ɗaya, su sayar a haka, a ce an hutar da kai bin layi. Mu kuwa a lokacin har daɗi muke ji. Ta ce shi ya sa katina ya ƙi hawa. Ta ƙara da cewa tunda ya daɗe a rufe, an mayar da shi kasuwa, wani ya saya wata biyar da suka wuce.

Na riƙe bakin tebur. Na ce ta taimaka ta faɗa min sunan mutumin da garinsu, ko a ina ne zan je.

Ta ce, "Mama, da wani zai zo ya ce in ba shi sunanki da garinku, za ki so in ba shi?"

Na ce a'a.

"To shi ma haka." Ta rage murya. "Amma babu dokar da ta hana ki kiran lambar."

Kafin nan sai na yi sabon layi da sunana, don in samu lambar da zan bar wa mutumin. A nan na ga ta kaina. Kun san ba a shiga birni da hannu fari, jajibirin tafiya na zauna na ƙunsa lalle har ya yi baƙi. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar babban yatsana, ta ƙi manuni, ta ƙi na tsakiya. Yarinyar ta ce lalle da ɓarar gyaɗa sun haɗu sun shafe zanen. Ƙanwata ta ce, "Yaya, kin yi wa inji kwalliya, shi kuwa bai yaba ba." Aka goge da ruwa, aka goge da man shafawa. Daga ƙarshe ɗan ƙaramin yatsan hagu, wanda ƙunshin ya zame daga kansa ina ta jin haushi, shi ya fitar da ni.

A gindin wata bishiya a waje na buga tsohuwar lambata. Abin da ban taɓa yi ba ke nan, kiran kaina. Namiji ya ɗauka. Na yi sallama, na ce layin da ke hannunsa nawa ne a da, ina da yaro a ƙasar waje, ina roƙon wata alfarma. Ban kai ƙarshe ba ya ce ya san irinmu, in ji tsoron Allah, ya kashe. Na sake kira, bai ɗauka ba.

Ban ga laifinsa ba. Da na maimaita maganata a zuciya, sai na ji ta sak irin ta 'yan damfara. Ni kaina na sha kashe wa irin wannan kiran waya, har na zo aji na ba ku shawarar ku riƙa yin haka.

Ƙanwata ta ce ta rubuta masa saƙo. Na ce ta bari, ni zan rubuta. Bayan mun yi azahar muka sayi gurasa da ƙuli, tana ci ina danna harafi ɗaya-ɗaya, in goge in sake. Na ce masa: Malam ba kuɗi nake nema ba kuma kar ka turo min kowace lamba. In wani ya kira yana neman uwarsa ka ce tana nan da rai, ga inda zai same ta. Shi ke nan. Na tura. Har muka koma Kabuga, har mota ta cika, shiru.

Mun wuce Janguza ke nan wayar ta yi ƙara a cinyata. Shi ne. Ya ce shi malamin firamare ne a wajen Azare, an taɓa cutarsa ta waya shi ya sa, in yafe masa. Ya ce ɗan damfara ba ya cewa kar a turo masa lamba. Sai ya tambayi sunan yaron.

Ɗan fari ne. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa kama sunansa a gaban mutane ba, ko a asibiti kakarsa ce take faɗa. Ga mota cike da maza, ga ƙanwata a gefe. Na ja mayafi na rufe bakina na faɗa. Mutumin ya ce bai ji ba, iska ta yi yawa. Na sake faɗa da ƙarfi. Ƙanwata ta juya tana kallon gonaki.

Ya ce bai san sunan ba. Amma bayan babbar sallah akwai wanda ya kira sau biyu da wata doguwar lamba.

"Ba ya cewa komai sai, ina Yaya, a ba Yaya. Na ce masa babu Yaya a nan."

Ban gaya wa mutumin nan yadda yaron yake kirana ba. A hannun mahaifiyata ya tashi, ya ji ƙannena suna ce min Yaya, shi ma ya ɗauka. Mai damfara Mama zai ce, ko Inna. Na tambaye shi ko lambar tana nan. Ya ce kiran ya goge tuni, sai kuma ya ce in dakata. Ashe don haushi ya toshe ta a lokacin, tana nan a jerin waɗanda ya toshe. Ya karanto min, na rubuta a bayan takardar nan mai sittin da uku, mota tana girgiza, direba ya rage gudu ba tare da an roƙe shi ba.

Gab da magariba muka shiga gida. Na miƙa wa maigida takardar na gaya masa. Ya daɗe yana kallonta ko da yake ba ya karatun boko, sannan ya tashi ya tafi alwala. Washegari muka kira, wani ya ɗauka da Larabci, sai da muka ɗauko liman ya fassara mana. Ashe wanda ya ɗauka mai shago ne. Ya ce ya san ɗan Kanon, a gidan burodi yake aiki, a sake kira ranar Juma'a bayan an sauko.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan ba shi da yawa. Ku je ku duba da sunan wa layinku yake, yau ba gobe ba, kuma kar ku yi lalle. Ban dawo ina zagin dokar ba, don na ji dattijon Shanono, na kuma ji daɗin da yarinyar ofis ta hana ni sunan bawan Allah. Sai dai sakatar da aka sa don ɓarawo ita ta bar ɗana a waje, kuma babu wanda ya zo ƙauye ya yi mana bayani da bakin da za mu gane. Har yanzu ina cewa kar ku ba kowa lambar sirri. Amma na daina cewa a kashe waya tun mutum bai gama magana ba.

Ranar Juma'a na sa katin da na iya, na zauna a inda sabis ya fi kamawa, kusa da rumbu. Aka ɗauka, aka miƙa. Ya ce, "Yaya?" Na so in tambaye shi ko yana cin abinci, ko ya rame, yaushe zai dawo. Amma na san kiran waje ba ya barin kati ya daɗe. Na ce ya saurara, na karanta masa sabuwar lambar, na ce ya maimaita. Ya maimaita, ya yi kuskure a ta bakwai. Na gyara masa. Ya sake, daidai. Na ce ƙara ɗaya. Yana dariya yana faɗa, ya kai ta ƙarshe, katin ya ƙare.