Ƙyallen da na tace koko da shi

Shekara arba'in da ɗoriya ina riƙe da maganar nan a cikina. Ko 'ya'yana ba su san ta duka ba. Yau dai zan amayar da ita.

Zamanin da kuɗin mai ya shigo ne, motoci suka cika Gombe. Maigidana Malam Sale yana fentin mota a wani gareji a Dawaki. Akwai fararen ƙyallaye masu laushi da suke goge tina da su, ruwan nan mai hawa kai da ake tsinka fenti da shi. In sun gama sai su watsar a bayan gareji, kowa ya ɗiba, ba mai hanawa.

Ni kuwa uwar tattali, na ce wannan ai asara ce. Na wanke su tas da sabulu, na mai da su matatar koko. Ina da cikin fari wata biyar, ba abin da ke zama mini sai kokon.

Ciwon kai ya fara, sai jiri, sai amai. Aka ce laulayi ne. Da idona ya koma rawaya, surukata ta ce, "Shawara ce, 'yar nan," ta jiƙa mini saiwa.

Da ƙyallen muka tace jiƙon.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin murhu aka kwashe ni sai asibiti. Ɗibar jini, gwajin fitsari, ƙarin ruwa kwalba bayan kwalba. Likita ya ce hantata ta kumbura. Ni ba ta hanta nake ba, hannuna yana kan cikina ina jiran motsi, tsoro kamar zai kashe ni.

Na ce, "Likita, ku rabu da ni, ku ceci ɗan nan."

Ya yi zargin wata guba nake ci a abinci, ya sa aka kawo masa kayan girkina. Ya shinshina matatar, ya dubi Malam. "Da wannan take tacewa? Sabulu ba ya fitar da gubar nan."

Malam ya zauna dirshan a ƙasa.

Wata biyu na yi a kwance, keken ɗinkina ya tafi a magani. Alhamdulillahi na tashi. Allah ya saka wa likitan nan, ya jiƙan surukata da ta yi jinyata.

Mata, kada tsumman gareji ko na masana'anta ya shigar muku kicin, komai farinsa. Masu gareji, ku tara su a gwangwani mai murfi. Hukuma, ku sa doka kan inda za a kai su, don Allah.

Ni na warke. Motsin ne bai dawo ba. Namiji ne, ba a kai ga raɗa masa suna ba.