Tulunan da Baba Ya Binne a Ruwais

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi mai lambu, amma har yau in na bi ta ƙaramin lambun shaƙatawa na unguwarmu ta Ruwais a Jidda sai na rage sauri.

Wani kamfanin gidaje ne ya so lambu irin na tsakar gidajen Andalus, don tunawa da gadon mutanen Sifen. Aka kawo injiniya daga can, aka haɗa shi da Baba. Mai kamfanin, wanda shi ne kafilin Baba, wato uban gidan da ya tsaya masa a ƙasar, ciyawa yake so kore shar. Injiniyan ya ce ruwan Jidda ba zai ɗauki wannan ba, ya zana yadda manoman ƙasarsu ke binne tulu a gindin dashe, ruwa ya riƙa tsattsafowa a hankali. Baba ya yi dariya, ya ce kakarsa Bakatsiniya ma haka ta raya bishiyarta. Suka shirya a riƙa cika tulunan da ruwan alwalar masallacin kusa. Kafili ya yarda da sharaɗi ɗaya: in dashen bai tsallake zafi ba, Baba ya nemi wanda zai riƙe masa iƙama, takardar izinin zama.

Ranar sayen tuluna Baba na kwance da zazzaɓi, ni na tafi kasuwar Balad. Ni kuwa uwar iyayi, na yi wa rogo kallon kitse, na zaɓo shuɗaye masu ƙyalli, wai su suka dace da Andalus. Leburori suka binne. Bayan mako biyu dashen rumman ya fara yaushi, alhali tuluna cike suke fal. Baba ya tono ɗaya, ya shafa cikinsa, ya dube ni.

"Ya binti, tulun da ba ya zufa ba ya shayarwa. Halas, ya wuce, miƙo min shebur."

Dattijo mai furfura, ya tone su ɗaya bayan ɗaya cikin zafin da ke sa kare neman inuwa, ya musanya da na yumɓu zalla. Da kafili ya taso da faɗa, Baba ya ce kuskurensa ne. Ina tsaye a wurin, don tsoro na bar shi ya ɗauki laifina.

Yanzu an shimfiɗa siraran bututun ban ruwa, daga waya ake ba su umarni. Da Baba yana nan, na san ba zai kushe ba. Zai dai durƙusa ya cusa yatsa cikin ƙasa kafin ya yarda da maganar waya.

Dashen ya rayu, iƙama ta tsira, magaryar da ya dasa ta wuce katanga. Allon ƙofa yana ba da labarin Andalus, babu sunan Baba, kuma ba zai damu ba. Ni ce na damu. Ya tafi kabari da laifin da ba nasa ba, ban taɓa ce masa na gode ba. To yau na faɗa a gaban kowa: ni na sayo tulunan. Allah ya ba shi inuwar da ta fi wadda ya bar mana.