Tsummokaran Uwar Maza

Uwar Maza ake ce mata a layinsu, don sau uku ta durƙusa, sau ukun kuma namiji ta sauke. Matan layin kan faɗi sunan da 'yar hassada, wai ta haifi garkuwa, tsufanta ya huta. Ita kuwa in ta ji sai ta taɓe baki. Ta san abin da ta haifa: ƙarti uku masu gemu, waɗanda har yau in ɗayansu ya shigo gidan, tukunya yake fara gaisarwa kafin uwarsa.

Shekararta hamsin da shida, talatin da biyar a ciki a kan keken ɗinki ta yi su, a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Da keken nan ta tura babban har ya zama manaja a kamfanin inshora. Na tsakiya ya koyi gyaran firji, ya ce a riƙa kiransa Injiniya, aka bi shi da hakan don a zauna lafiya. Auta kuma, mai shekara ashirin da tara, wani aiki yake yi a cikin waya wanda ba a taɓa ganin farkonsa ba balle ƙarshensa. Mijinta tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye sitiyari ya rungumi rediyo, tun daga nan ba a ƙara jin ra'ayinsa a kan komai ba.

Tunda ta fara ɗinki ba ta taɓa rubuta awon kowa ba. Ranar da mace ta fara kawo mata aiki, sai ta yago siririn ƙyalle daga gefen yadin, ta gwada shi a jikin matar tana ƙullawa. Ƙullin farko kafaɗa, na biyu hannu, na uku ƙirji, na huɗu ƙugu, inda ƙyallen ya ƙare nan tsawon riga ya tsaya. Sai ta rataye shi a ƙusa. Bangon bayan keken duk ƙusoshi ne, ƙyallaye sun haura ɗari biyu, kuma kowanne ta san mai shi daga zanen jikinsa. In mace ta yi ƙiba ta sassauta ƙulli ta matsar, in ta rame ta dawo da shi baya. Ta haka take sanin mai juna biyu kafin surukarta ta sani, da wadda gidanta ya ƙi daɗi tana ta murmushi a waje. Bakinta da kaifi, amma abin da ƙulli ya faɗa mata bai taɓa fita daga ɗakin ba. Matan da aure ko aiki ya kai su nesa ba sa wahalar zuwa. Yadi kawai suke aikowa a mota, a mayar musu da riga ta zauna ɗas.

'Ya'yan nata kuwa bangon nan ya tsaya musu a rai. Manaja ya ce in ya kawo abokansa gaishe ta kunya yake ji, ɗakin kamar inda guguwa ta yada zango. Sun sha cewa ta bari su gyara mata. Takan ce su fara gyara halinsu, in ya gyaru sai a zo kan bango.

Sai aka yi wa ƙanwarta aiki a asibiti, ta tafi jinya kwana biyar. Ta dawo ran Asabar da hantsi, ƙafa a kumbure, jiki duk warin magani, ta tarar da su ukun a jere a bakin ƙofa suna washe haƙora. Nan take ta san akwai magana, don mutanen nan ba sa haɗuwa wuri guda sai in an soya nama ko an yi ɓarna. Auta ya ɗaga waya yana ɗaukarta. Manaja ya ce ta rufe ido. Ta ce ta gaji da rufe ido a kan lamarinsu, su matsa ta wuce.

Ɗakin ya sha farin fenti. An sa tayil a ƙasa, fanka a sama, ga sabon keke mai amfani da lantarki yana ƙyalli, ga durowar gilashi, ga tef na awo har guda uku, ga wani ƙaton littafi mai baƙin bango da biro a kai. Tsohon kekenta an kai shi sito an lulluɓe. Bangon kuwa sumul yake kamar goshin jariri. Ko ramin ƙusa ɗaya ba su bari ba, Injiniya ya bi ya toshe su da hannunsa, har yana nuna mata kyan aikin.

Ta ajiye jaka a hankali. Ta tambaye su ina mutanenta.

Suka dubi juna. Da ta nuna bangon sai Auta ya yi dariya, har lokacin wayar na sama. "Au, tsummokaran nan? Ai jiya na cusa su a buhu na ba mai kurar shara. Umma, baki ga ƙurar da ke jikinsu ba."

"Sauke wayar nan, ko in ɗinke maka ita a tafin hannu."

Ya sauke. Ta juya wajen mijinta da ke zaune a inuwa, ta tambaye shi yana ina aka yi wannan. Ya ce shi dai ya ga yara suna shiga suna fita, ya ɗauka alheri ne. Ya ƙara muryar rediyo.

Manaja ya gyara tsayuwa, ya ɗauko muryar da yake yi wa ma'aikatansa magana da ita. Ya ce abin ba na ɓacin rai ba ne, zamani ya canja, ga tef ga littafi, duk wadda ta zo a auna ta a rubuta. Auta ya ce shi ma zai iya zuba mata komai a waya. Ta bar su suka gama tsaf. Sannan ta buɗe durowar gilashin, ta ciro ƙunshin yadi guda shida da aka aiko kafin tafiyarta, ta dire a kan sabon keken. Ta ɗaga ɗaya, ta ce wannan na tsohuwar shugabar makaranta ne, kwana guda ake yi a mota kafin a kai inda take, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, shekara tara ba su ga juna ba. Ta ce Manaja ya buɗe littafinsa ya karanto mata faɗin kafaɗar matar. Littafin kuwa ba komai a ciki. Ta ce to Auta ya tambayi wayar.

Ba zubar da ƙyallayen ne ya fi ƙona mata rai ba. Yaran nan a gindin bangon suka yi rarrafe, a nan suka yi aikin makaranta, sun ga hannunta yana kaiwa ga ƙusoshin sau dubu, amma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa tambayar mene ne wannan. Shekara talatin suna ci daga abu, suna ganinsa shara. Kwana biyar suna shawara a kan ɗakinta, har da masu fenti da masu tayil, ita kaɗai ce ba a ga ta isa a tambaya ba.

Ko ruwa ba ta sha ba ta mayar da mayafi, ta ce Manaja ya tayar da mota.

Sun sami mai kurar shara a bayan kasuwa. Ya ce buhun bai kai juji ba, ya ga tsumma ne mai kyau sai ya miƙa wa makanikan da ke bakin titi, kullum suna neman abin goge hannu.

Garejin fili ne baƙi ƙirin da mai, motoci a buɗe kamar marasa lafiya. Tun daga nesa ta hango wani ƙato a ƙarƙashin mota yana goge ƙarfe da shuɗin ƙyalle mai ɗigon fari. Ta isa kansa ta ce ya saki ƙugun matar mai kemis. Mutumin ya fito a firgice yana duba hannunsa. Ta wuce ta fizge wani daga aljihun na kusa da shi, ta ce wannan ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwar rabin layinsu, ba ta cancanci a share bakin batir da ita ba. Garejin ya tsaya cak. 'Ya'yanta suna bayanta kamar an dasa su, Manaja yana ɗage ƙafar wandonsa kada ta taɓa ƙasa.

Ogan garejin, wani dattijo mai furfura a gira, ya zo ya ji bayani. Bai yi dariya ba. Ya ɗauki ƙyalle ɗaya ya bi ƙullin da yatsa, ya tambaya ko wannan ne kafaɗa, ta ce shi ne. Ya girgiza kai, ya dubi samarin uku daga sama har ƙasa. Ya ce shi da wani zai shigo ya jera masa sifanu da sauran kayan aikinsa don a burge shi, da sai an raba su da mutumin. Ya ba ta haƙuri da hannu biyu, ya ce ƙullin yana hana goge abu da kyau, shi ya sa yaransa suka kwance da yawa. Ya sa aka tattaro duk abin da ya rage. Cikin minti biyu baƙon mutum ya gane abin da 'ya'yan cikinta ba su gane ba tun haihuwarsu, wannan kuma ya ƙara mata wuta.

Ta ce su durƙusa su tsince. Suka durƙusa a cikin baƙin man, masu ƙulli gefe guda, kwantattu gefe guda, ita tana tsaye tana kiran sunan kowace. Na shugabar makaranta ya fito da ƙullinsa huɗu cif, sai dai ya yi baƙi. Ta karɓe shi ta sa a cikin rigarta.

Can Manaja ya ɗago wani ɗan guntu, bai fi tsawon hannunsa zuwa gwiwar hannu ba, ƙulle-ƙullen sun matsu da juna. Ya juya shi, ya ce wannan kuma na wace jaririya ne.

Ta dube shi, ta dubi tumbin da ya turo gaban rigarsa.

"Na wani yaro ne mai jin magana. Na yi masa rigar farko da shi. Ya daɗe da ɓata."

Manaja ya sake duban guntun. Ta ga ya naɗe shi zai sa a aljihu, ta ce ya mayar cikin buhu, ba nasa ba ne, nata ne.

Sittin da bakwai ne suka lalace. Sauran ta ƙi a wanke su, don ruwa yana sa ƙyalle ya shige, awo ya ɓaci. Da la'asar Injiniya ya hau kujera da guduma, ya bi farin bangon da ya sha wahala a kai yana kafa ƙusoshi a inda ta nuna, kowace ƙusa sai fenti ya ɓare. Auta ya ciccibo tsohon keken daga sito. Sabon an tura shi lungu, ta ce za ta duba halinsa in ta sami sarari. Littafin mai baƙin bango mijinta ya ɗauka, ya ce yana da kyau wajen fifita.

Sittin da bakwan nan kuwa, duk Asabar Manaja yake zuwa da mota, ya kai ta gida gida tana sake awo, yana zaune a waje cikin rana yana gaisawa da yaran mutane. Ran nan ya leƙo ɗakin, ya ga yadda man ƙyallayen ya zana baƙaƙen layuka a bangon, ya buɗe baki ya ce ko a kira mai fenti ya ɗan shafa. Ba ta ɗago daga keken ba. Ta ce ya matso tukuna, ta yago ƙyalle daga ragowar yadin da ke gabanta, ta zagaya cikinsa da shi. Bai kai ba. Ta yi tsaki, ta ce ya tsaya a nan kada ya motsa, ta shiga neman wanda ya fi tsawo.