Farcen Mai Shayi

Ni mai shayi ne a bakin tasha, nan Damagaram. Hannuna kullum cikin ruwan wankin kofi yake. Da farcen babban yatsana ya yi kauri, ya koma rawaya, yana marmashewa kamar tsohuwar katanga, ban kula ba sai da ya kama na kusa da shi.

Wani direban hanyar Gidimuni, wanda ya daɗe yana karyawa a wurina, shi ya fara. Ya dubi hannuna ya ce, "Maigida, miƙo burodin da wuƙar, yau ni zan yanka." Daga baya na ji abin da ake faɗa a bayana: kuturta. Benci ya soma yin fili.

Matata ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mini, wai magani ne, kuma yana rufa asiri. Na bi da tafarnuwa, da wani man shafawa na masu talla. Direbobi suka samu abin yi: "Ango, ina amaryar?" Na ce gara wannan tsokanar da maganar kuturta.

Da abin ya ƙi, na je likita, aka tura ni labo, ɗakin gwaji. Wata madam mai tabarau ta juya hannuna ta ce, "Baba, me ka shafa?"

Na gaya mata.

"To ni me zan gani? Ka rina shi, ka jiƙa shi da magani. In na kankara yau, ƙwayar ba za ta tsiro ba, in ce maka lafiya lau alhali tana nan. Bar komai, sai farcen ya turo babu lalle a jikinsa, ka dawo."

"Madam, da hannun nan nake ba mutane abinci."

"Na sani, Baba."

Haka na koma na tsaya a gabansu da farce a fili. Benci ya ƙara yin fili. Wata rana madarar da na buɗe da safe ni na shanye ta da la'asar.

Da na koma, ta kankare garin da ke ƙarƙashin farcen, ta datse gefensa. Ni da nake binne yankan farcena tun ina yaro, yadda mahaifina ke yi, na zauna ina kallo baƙuwa tana tara shi a ɗan faranti. Rabinsa ta ɗiga masa wani ruwa ta duba a madubin ganin ƙwayoyi. Sauran rabin ta ce shuka shi za ta yi a kwalba, in ƙara jira. Na gaji, amma na jira.

Ba kuturta ba ce. Dangin makero ne, jiƙa ke ciyar da shi. Aka rubuta mini ƙwayoyi na watanni, aka ce in bar hannu a bushe. Mai shayi!

Na faɗa wa direban. Ya ce, "Makero a farce? Allah ya sawwaƙe." Ya zauna, ya karɓi shayinsa daga hannuna. Burodi kuwa har yau shi ke yanka nasa. In na hango motarsa, sai in ajiye wuƙar a gefensa.